McCaffrey ko Gibbs: wa za ka fara ɗauka?

Ɗan'uwa, ka ce kana cikin masu zaɓen farko a gasarku ta fantasin ƙwallon Amurka ta kakar 2025 (wasan da kowa ke zaɓar ainihin 'yan wasa, ya samu maki gwargwadon abin da suka yi a fili), kuma ka rasa wanda za ka ɗauka cikin masu gudu da ƙwallo biyu: Christian McCaffrey na San Francisco 49ers da rauni ke yawan kwantar da shi, ko Jahmyr Gibbs na Detroit Lions da ke raba aiki da David Montgomery. Ni dai Gibbs zan ɗauka, kuma ga dalilina.

Ba na raina McCaffrey ko kaɗan. Idan yana da lafiya, kallonsa ma abin sha'awa ne. A 2019, yana ƙungiyar Carolina Panthers, ya haura yadi 1,000 a gudu, ya kuma haura yadi 1,000 a cafke jifa, abin da mutum biyu kawai suka taɓa yi kafin shi. A 2023 ya yi yadi 1,459 a gudu, ya shiga gidan maki (wato ya kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya) sau 21. Amma duba ɗaya gefen: wasa 3 ya buga a 2020, wasa 7 a 2021, wasa 4 a 2024. A 2024 ɗin ciwon agara ya hana shi wasanni takwas na farko, da ya dawo kuma jijiyar gwiwa ta kwantar da shi a filin Buffalo, ana tsakar zubar ƙanƙara. Ga shi a kakar 2025 shekararsa 29, shekarun da jikin mai wannan aiki ke fara ƙorafi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda raunin ke zuwa ba sallama. Wasan 49ers na farko a 2024 na daren Litinin ne da New York Jets, wanda a agogonmu sai bayan ɗaya na dare ake take shi. Dab da farawa aka ce ba zai buga ba. Mutane da yawa suna barci, suka wayi gari da sifili a gurbin da suka fi dogaro da shi, Jordan Mason kuwa da ya maye gurbinsa ya kwashi yadi 147.

Matsalar Gibbs daban ce, domin tasa irin ta rabon kwana ce: ka san da abokin rabon, ka san kason da zai ɗauka. Montgomery ya shiga gidan maki sau 12 a 2024, kowace shiga maki shida ke nan da suka wuce mai Gibbs. Da ciwo, na sani, musamman idan Gibbs ya kawo ƙwallo bakin layi sannan a sako Montgomery ya ƙarasa. Duk da haka Gibbs ya buga wasanni 17 cif, ya yi yadi 1,412 a gudu, ya cafke jifa 52, ya shiga gidan maki sau 20, fiye da kowa a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. Da Montgomery ya ji rauni a gwiwa a Disamba kuwa, sai Gibbs ya shiga sau huɗu a wasa ɗaya da Minnesota Vikings. Wato da rabon ma yana ƙosar da kai, balle ranar da aka bar masa tukunyar shi kaɗai. Shekararsa 23 kacal a kakar 2025.

Shi ma akwai abin lura. Ben Johnson, mai tsara musu kai hari, ya koma horar da Chicago Bears, Frank Ragnow da ke buɗa hanya a tsakiyar sahu kuma ya yi ritaya. Wannan na iya rage masa kaɗan.

Idan wani ya riga ka ɗauke Gibbs, ɗauki McCaffrey, musamman in gasarku na ba da maki kan kowace cafka. Sai dai kada ka bar wajen zaɓen ba tare da mataimakinsa ba. Mason ya koma Minnesota, don haka Brian Robinson da suka kawo daga Washington za ka nema a zagayen ƙarshe-ƙarshe.