Shagon tela na kusa ko ƙaramin kamfani na nesa: ina rahusar take ga mai son tufafi masu ƙwari?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure, ma'aikaci mazaunin Garwa, ya ce ya gaji da rigunan da ke koɗewa ko su ɓarke a hammata kafin shekara ta zagayo, yana son ya koma ga kaya masu ƙwari waɗanda ba a cuci masu yin su ba, amma albashinsa ba zai ɗauki tsada ba. Ya ga ƙananan kamfanonin Turai da na Duwala da Dakar suna tallata rigunan maza a Instagram tare da ragi, ga kuma shagunan teloli a nan Garwa da Marwa da suka fara ɗinka kaya suna manna sunansu a wuya. Tambayarsa ita ce, a cikin biyun wanne ya fi cancanta ya kai kuɗinsa. Malam, zan jera maka su kafaɗa da kafaɗa, kuma tun daga farko ina gaya maka cewa a mafi yawan abin da namiji ke sawa a wannan yanki na fi karkata ga shagon kusa, amma da sharuɗɗa waɗanda wasunsu a wuyanka suke.

Mu fara da kuɗi, domin a nan ne ido ya fi ruɗuwa. Farashin da kamfanin Turai ya rubuta a ƙarƙashin hoton riga ba shi ne abin da zai fita daga aljihunka ba. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kuma wannan canji a ɗaure yake. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, cewa an karya farashin riga zuwa yuro 60, wato kusan sefa 39,400, kuma kuɗin aiko ta yuro 25 ne. Ka ga an kai sefa 55,800 tun kafin ta sauka. Tufafin da aka gama ɗinkawa suna cikin rukunin da ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka da Kamaru ke ciki, suka ɗora wa harajin duwan mafi girma, wanda ya yi shekaru a kan kashi 30 cikin ɗari, sannan a Kamaru akwai harajin TVA na kashi 19.25 a bisa wannan. Idan aka caji kunshinka a kan cikakkiyar ƙa'ida, rigar da ka gani a sefa 39,400 za ta iso hannunka a sama da sefa 86,000, fiye da ninki biyu. Idan kuma ta zo ta matse ka a kafaɗa, mayar da ita zai ci kuɗin da ya kusa na wata rigar, don haka yawanci sai dai ka haƙura ka ba ƙanenka. A shagon tela kuwa lissafin gajere ne: kuɗin yadi, kuɗin ɗinki, da kuɗin aiki idan akwai ado a wuya ko aljihu. An auna ka da tef, kuma in hannun ya yi tsawo za ka koma a rage maka a yini ɗaya. Kamfanonin Duwala da Yawunde suna tsakiya: babu duwan, ana biya ta Orange Money ko MTN MoMo, kaya su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare ko su biyo motar safa, sai dai matsalar awo tana nan yadda take.

Ta fuskar ƙwari, ba zan ce ɗaya ya fi ɗaya a dunƙule ba, domin kowanne yana da inda hannunsa ya faɗa. Kaftani da jamfa da wando da babbar riga sana'ar telolinmu ce tun kaka da kakanni, kuma babu wani kamfani a Faransa ko Fotugal da zai yanka maka su yadda za su zauna a jikinka kamar wanda ya shekara ashirin yana yi. Amma wandon jins mai kauri, ko rigar ofis mai ƙwala da ke tsayawa bayan wanki da yawa, ko rigar sanyi saƙaƙƙiya don hunturun Ngaundare, waɗannan suna buƙatar kekuna na musamman da kayan haɗi da ba kowane shago ke da su ba, kuma a nan ƙaramin kamfani mai mutunci yakan yi wa telan unguwa fintinkau. Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne, kayan shago kana iya gwada su kafin ka biya. Ka juya rigar ciki waje ka dubi ɗinkin: sawun allura ya zama ƙanana a jere, an naɗe bakin yadi ko an bi shi da keke don kada ya warware, an maimaita ɗinki a hammata da bakin aljihu da tsagar gefe, maɓalli kuma ya zauna daram. Ka roƙi ɗan ƙyalle daga yadin ka zare zare ɗaya ka kusanta shi ga ashana. Auduga tana ci da wuta da wari irin na takarda ta bar toka mai laushi, zaren roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Wannan gwaji ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai sa riga a Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, domin yadin roba yana riƙe gumi a jiki. A hoto ba za ka iya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya rage maka shi ne karanta abin da suka rubuta game da yadin, kuma kamfanin da bai faɗi kashi nawa ne auduga ba ya riga ya ba ka amsa.

Shadda tana buƙatar magana ta daban, tunda ita ce ke cinye mafi yawan kuɗin suturar namiji a nan. Wadda aka fi yi wa kirari, Getzner, kamfani ne na Ostiriya, kuma saboda sunan da ta yi ana kwaikwayonta sosai. Akwai shadda mai araha da ake shigo da ita daga Sin, wadda ke walƙiya a kasuwa saboda sitaci da bugu, amma wanki ɗaya ko biyu sai ta kwanta. Hausawa sun ce araha ba ta ado, sai dai ban ɗauki wannan a matsayin umarnin sayen mafi tsada ba. Shadda matsakaiciya ta auduga zalla, wadda mai sayarwa ya faɗi gaskiyar ajinta, ta fi ta jabu mai ɗauke da babban suna, domin a ta jabun kana biyan kuɗin sunan ne ba ka samu kayan ba. Ka wanke ƙyalle ka gani ko yana zuba, ko yana tsukewa, kafin a sa almakashi a mita goma na babbar riga.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna, wato haƙƙin waɗanda suka yi aikin. Duniya ta farka a kan wannan batu ne sosai bayan ranar 24 ga Afrilu 2013, lokacin da ginin Rana Plaza ya rufta a kusa da Dhaka a Bangaladash, ya kashe mutane fiye da 1,100, galibinsu masu ɗinka wa manyan kamfanonin Turai da Amurka tufafi. Ƙananan kamfanoni da yawa sun taso bayan nan da alkawarin yin abin da ya saɓa wa haka, wasu da gaske, wasu da baki kawai. Abin da za ka riƙe a hannu daga nesa shi ne takardun shaida, kuma ba duka suke faɗin abu ɗaya ba. Tambarin OEKO-TEX Standard 100 yana nufin an gwada kayan ba a sami sinadarai masu cutarwa fiye da ƙima ba, amma bai ce komai ba game da albashin mai ɗinki. GOTS ya shafi audugar da aka noma ba tare da takin zamani da maganin ƙwari na kanti ba, ya kuma haɗa da wasu sharuɗɗan kyautata wa ma'aikata. Fairtrade ya fi mayar da hankali ga farashin da manomi ke samu. Kamfanin da ya ambaci sunan masana'antar da ke yi masa ɗinki da garin da take ya fi wanda ya cika shafinsa da hoton ganye da kalmomi masu daɗi.

Shagon kusa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan takardu, amma yana da abin da ya fi su, wato ƙofa a buɗe. Kana ganin wanda ke kan keke, kana ganin yaran shago, kana iya sanin ko ana sallamarsu ko kuwa shekara da shekaru suna aiki da sunan koyo. Kada dai mu yaudari kanmu cewa duk abin da aka ɗinka a unguwa halal ne tsantsa. Kowa ya san yadda goman ƙarshe na azumi ke kasancewa a shagunan ɗinki: yara na kwana a kan keke har asuba, ubangida ya karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa, ɗinki ya lalace, alkawari ya karye. Rabin laifin na masu kawo ɗinki ne, waɗanda ke zuwa saura kwana biyar salla suna kuma taya kuɗin ɗinki kamar suna cinikin tumatir da yamma. Duk sefa ɗari biyar da ka matse daga hannun tela, ba daga ribarsa take fita ba. Daga ladan yaron da ya yi kalmasa da maɓalli take fita. Wannan shi ne babban abin da ya bambanta hanyoyin biyu a wurina: da kamfanin nesa kana dogara ne ga abin da aka gaya maka, da shagon kusa kuwa kai kanka kana cikin waɗanda ke yanke yadda za a yi da ma'aikacin.

Akwai gibi guda da shagon kusa bai toshe ba, kuma abin takaici ne. Muna zaune a tsakiyar ƙasar auduga. Kamfanin auduga na SODECOTON, da aka kafa a 1974, a Garwa hedkwatarta take, kuma masaƙar CICAM, kamfanin da ya faro a 1965, ita ma a Garwa aka gina ta. Duk da haka mafi yawan audugar da manomanmu ke nomawa ana fitar da ita ne ɗanya ta tashar Duwala, yadin da tela ke yanka maka kuma ya zagayo daga Asiya, sau da yawa ta kasuwar Kantin Kwari ta Kano. Wato ɗinkin ka san asalinsa, yadin ba ka sani ba. Wanda yake son ya rufe wannan gibi sai ya nemi saƙi na hannu, irin ƙyallaye sirara da masaƙa ke yi ana haɗa su, wanda har yanzu ana samu a wajen Marwa da ƙauyukan kewaye. Yana da nauyi, yana da ƙwari, yana shan iska, kuma kuɗinsa yana tafiya kai tsaye ga masaƙi. Mutanen Burkina Faso sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne, tun da Thomas Sankara ya ɗaukaka saƙinsu na Faso Dan Fani a shekarun 1980 har ya zama suturar manyan taruka.

A takalmi da ɗamara da jaka ba na ma ganin gasa. Dukawan Marwa, waɗanda ake samun kayansu a cibiyar masu sana'ar hannu da ke gefen babbar kasuwa, suna aiki da fatar akuya da tunkiya da saniya da majema suka jeme a garin, kuma takalmin fata na gaske ana sake masa ƙasa idan ya cinye. Ka dai kauce wa fatar kada da ta mesa da ta guza, domin mai neman kayan da aka yi da amana bai kamata ya ƙarfafa farautar namun daji ba.

To, ina rahusar take? A kowane ɓangare tana da lokacinta. A Faransa ana karya farashi a hukumance sau biyu a shekara, a watan Janairu da kuma ƙarshen Yuni, mako huɗu kowanne. Na Janairu galibi kayan sanyi ne masu nauyi da ba su da amfani a Garwa. Na Yuni da Yuli ne ke fito da rigunan auduga marasa nauyi. Idan za ka saya, ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi oda ɗaya don ku raba kuɗin aikowa, ko ka jira ɗan'uwa mai dawowa, kuma ka auna rigar da ta fi yi maka daidai da santimita ka gwada da jadawalin awonsu maimakon dogara ga harafin M ko L. A shagon tela kuwa rahusar tana bayan babbar salla da cikin damina, lokacin da kekuna ke hutawa. A wannan lokaci tela yana da sukunin zama a kan aikinka, zai kuma yi maka sauƙi da kansa idan ka kai kaya biyu ko uku tare. Ka fara gwada shi da jamfa ɗaya kafin ka ba shi shadda mai tsada, ka ba da kafin alƙalami, ku tsayar da rana, ka cika sauran ranar da ka karɓa ba tare da ja-in-ja ba.

Saboda haka, Malam, da kuɗin da za ka kashe a riga ɗaya daga Turai bayan duwan, shawarata ita ce ka sayi yadin auduga mai kyau ka kai wa tela bayan salla ya yi maka kaftani biyu, ka ƙara da takalmin Marwa. Ka bar odar nesa ga wandon jins ɗaya da rigar ofis ɗaya ko biyu, daga kamfanin da ya faɗi inda ake yi masa ɗinki, a ragin watan Yuli, kuma sai bayan ka lissafa kuɗin aikowa da haraji a takarda ka ga jimillar ta yi maka.