Na'urar neman zinari GPX 4500, daga wanda ya yi aiki da ita a Jado

Mu uku muka haɗa kuɗi a Agadas a 2014, lokacin da labarin zinarin Jado, can arewa maso gabashin Nijar, ya game gari, muka sayi wannan na'ura ta kamfanin Minelab na Ostireliya. Ta farko da wani ɗan kasuwa ya sayar mana jabu ce. Kwali da fenti duk iri ɗaya, amma ko ƙusa ka binne sai ta yi gum. Don Allah kafin ka ƙirga kuɗinka, binne ɗan guntun zinari ka gwada ta a gaban mai shago.

Ta gaskiyar kuwa ba ta wasa. Ka rataya batir a baya, ka toshe kunne da abin saurare, ka riƙa kaɗa faifan da ke bakin sandarta dab da ƙasa, sannu sannu kamar mai shara. Ƙasa mai yawan ma'adini takan ruɗa ƙananan na'urori su yi ta ihun banza, ita wannan takan natsu. Wata asuba ta yi mini wani ɗan kuka can ƙasa-ƙasa, na tona wurin, sai ga giram 11 kamar ƙwallon dabino. Hannuna har rawa yake. Sai dai tana son haƙuri wajen saiti; mako biyu muka yi muna tono gwangwani da kwanson harsashi.

Kwanson nan ne ya tsaya mini a rai. Zinarinmu ya wuce Dubai, mu kuma aka bar mu da 'yan tare hanya da tafiya cikin rakiyar soja. Da gwamnati ta rufe Jado a 2017, dubban samari suka watse, wasu Cibarkaten kusa da iyakar Aljeriya, wasu Kuri Bugudi a Cadi, inda rikicin mahaƙa ya ci rai kusan 100 a watan Mayun 2022. 'Yan Sudan ne suka koya mana saitin na'urar, kuma su ma zinarin Jabal Amir da ke Darfur ne ya yi wa dakarun RSF na Hemedti ƙiba kafin yaƙin da ya ɓarke a ƙasarsu a 2023. Ina yawan tuna su.

Tawa tana Damagaram, lafiyarta lau, naɗe cikin bargo. Sau biyu ƙanena yana roƙona ita, na hana shi.