Tales of Symphonia: wasan da ya hana ni barci saboda kofin gahawa

Wata biyu muka kwashe ni da ƙanena muna buga Tales of Symphonia a PlayStation 4, kullum bayan sallar isha'i. Tsohon wasa ne, tun 2003 ya fito a Japan a na'urar GameCube, namu kuwa wanda aka sabunta ne a 2023.

A labarin wasan, wata duniya mai suna Sylvarant na mutuwa saboda mana, wato ƙarfin da ke raya ƙasa, ya kusa ƙarewa. Colette, 'yar shekara 16 daga ƙauyen Iselia, ita aka zaɓa ta yi tafiyar farfaɗo da duniya. Kai kuma Lloyd kake riƙe da shi, abokinta tun suna yara, kuna tare da amininsa Genis da malamarsu Raine. Da farko na zaci labarin da aka saba ne, a kashe dodanni a dawo gida. Ashe duk hatimin da Colette ta buɗe, wato rufaffun wuraren da dole ta buɗe a tafiyar, sai wani abu na ɗan'adam ya bar jikinta. Ta daina cin abinci, ta daina barci, zafi da sanyi suka zama ɗaya a wurinta, daga baya murya ma ta tafi, sai dai ta riƙa rubutu da yatsa a tafin hannun Lloyd. Duk wannan tana ɓoyewa da murmushi don kada hankalin kowa ya tashi.

Wurin da ya tsaya mini a rai shi ne daren da Lloyd ya miƙa mata kofin gahawa ya ce da zafi, ta ce ƙwarai kuwa. Ya ce a'a, mai sanyi ce, ta ce haka ne. Sai ya ce mata mai zafin ce dai. Kofin ya suɓuce mata. Ƙanena ya ajiye abin bugawa ya ce, "Yaya, duk tafiyar nan shi kaɗai ya lura da ita." Manya sun san abin da ke jiranta sun yi shiru, yaron da kowa ke ganin ba ya ja a makaranta shi ya ƙi yarda a sayi rayuwar duniya da ran ƙawarsa. Sannan ga Sheena, wadda ta zo kashe Colette, ita ma tata duniyar, Tethe'alla, take son ceta, domin duniyoyin biyu mana ɗaya suke rabawa, in ɗaya ta ƙoshi ɗaya ta rame. Kasa ƙinta na yi.

Faɗan yana da daɗi, har mutum 4 na iya shiga tare, sai dai a wajen faɗa mutum ɗaya ke tuƙi, sauran kallo. Zanen ya nuna shekarunsa. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne a cikin kogo ko kango ba a adana wasa sai a wuraren da aka ware, kuma sau biyu aka ɗauke wuta muka yi asarar kusan awa guda. Babu Hausa a ciki, maganar kuma tana da yawa, don haka ni nake fassara wa ƙanena.

In kana son wasan harbi mai sauri, wannan zai gundure ka. In kuwa za ka iya haƙuri da awanni goman farko, nemi wanda za ku zauna tare ku buga. Mu dai mun fara zagaye na biyu, wannan karon shi ke riƙe da Lloyd.