Ofishin da ya haɗa min takardun tafiya aiki Zanzibar

Shekara tara ina girki a wani otal a Abuja kafin tsohon maigidana a kicin, wanda ya koma Nungwi a arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, ya aiko cewa suna neman mai gasa nama. Na yi murna, amma ban san ta inda zan fara ba. Wani abokin aikina ne ya kai ni wani ƙaramin ofishin shirya tafiye-tafiye a Wuse, a hawa na biyu, wajen wata Hajiya.

Abin da ya sa na yarda da ita ya faru ne tun zaman farko. Na ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, a yi min bizar yawon buɗe ido kawai, in na sauka sai a gyara." Ta ajiye biro ta dube ni ta ce, "Ɗana, ni ba na sayar da aiki, kuma ba zan tura ka ka kama aiki da bizar baƙo ba." Ta ɗauko takarda ta rubuta min dalla-dalla. Zanzibar ɓangaren Tanzaniya ce tun 1964. Ɗan Najeriya ba ya samun biza a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewa. Izinin aiki da na zama kuwa, otal ɗin da ya ɗauke ni ne zai nema, ba ni ba. Ta hana ni ajiye aikina sai da kwafin izinin ya iso. Haushinta na ji a lokacin, don jiran ya yi min tsawo, amma albashin watannin nan shi ya riƙe min gida.

Ita ta tuna min da katin rigakafin shawara, ta kuma yanka min tikiti ta Addis Ababa. Kowane kuɗi da na biya da rasidinsa.

Inda suka gaza, da uwargida za ta kawo min ziyara ne. Tun Oktoban 2024 baƙo irin namu sai ya biya inshorar dala 44 kafin ya shiga Zanzibar. Yaron ofishin bai faɗa mata ba. Ta sauka da goyo, ba ta jin Swahili, wayarta ba intanet, ni kuma ina waje ina ta safa da marwa. Na kira ofishin har sau huɗu ba a ɗauka ba. Daga baya Hajiya ta kira da kanta ta ba da haƙuri, amma wannan abu ne da ya kamata ya kasance a takardar da suke ba kowa.

Akwai kuma abin da ban ɗora musu laifinsa ba. A can ana fara ƙirga sa'o'i ne daga wayewar gari, ƙarfe bakwai na safe shi ne "saa moja", wato ƙarfe ɗaya da Swahili. Ranar farko da aka ce in zo saa moja, sai da abokin ɗakina ya tashe ni, ni ina jiran ɗayan rana. Garin Musulmi ne, kiran salla har kicin nake ji, kanumfari kuma kamar a kyauta. Daddawa da yajin tsire dai babu, daga Kasuwar Wuse nake cika jaka.

Hutu na zo yanzu, kuma jiya na koma wajen Hajiya da fasfon ƙanena. Na roƙe ta a ba ni lambar da ake ɗauka da dare.