Wata bakwai da komawata ƙaramar laptop mai dok

Ɗan yayata ne ya kira ni shekaranjiya wai wacce zai siya, ƙaramar laptop irin tawa da ake jona ta da dok (ɗan akwatin da ake soka wayoyin monita, firinta, kibod da caja a jikinsa, sai waya ɗaya ta fito zuwa laptop) ko kuwa babbar nan da komai yake jikinta, to maganar ta fi ƙarfin katin waya shi ya sa na ce bari in rubuta.

Ni aikina lissafi ne, ina riƙe wa wani ɗan kasuwa shiga da fitar hatsi a Dawanau, kwana uku ina sito sauran kwanakin ina ɗan ofishinmu a cikin gari. Shekara huɗu ina amfani da wata laptop mai allo inci 15.6, kuma wallahi ta yi min aiki, akwai wajen saka faifan DVD, akwai ramin VGA na jona monita da na wayar intanet, ga maɓallan lamba a gefen dama. Matsalarta ɗaya nauyi. Ita da cajarta in suka shiga jaka sai ka rantse bulo ka ɗauko, in na shiga adaidaita sahu dole in ɗora ta a cinya in rungume, kafin la'asar kafaɗata ta dama ta riƙe. Faifan nan kuma da nake ta dakonsa, a shekara huɗu bai fi sau biyu na buɗe shi ba.

Sai na je Farm Centre, kasuwar wayoyi da kwamfuta a Kano, na ɗauko ThinkPad X280 na hannu. Inci 12.5 ce, ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, injinta Core i5 ne zubi na takwas (8th gen), wanda shi ya sa tana ɗaukar Windows 11 lafiya lau, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne tunda Microsoft sun daina tura gyaran Windows 10 na kowa da kowa a Oktoban 2025. Da USB-C take caji. Na haɗa da dok, da monita mai inci 22, da kibod da maus.

Daɗin abin a ofis yake. Da can in na iso sai na tsuguna ƙarƙashin tebur ina lalube, wayar firinta daban, ta caja daban, ta maus daban, wani lokacin har da ƙura a hula. Yanzu waya ɗaya tak nake sokawa, monita ta farka, firinta ta yi ɗan kukanta, caji ya kama, kafin mai shayi ya miƙo kofi na riga na buɗe Excel. Lokacin tashi in zare in cusa a jaka kamar littafi. Ciwon kafaɗa kam na manta da shi, alhamdulillahi.

Amma fa akwai abin da mai shago ba zai gaya maka ba. Dok ɗin farko da na siya irin mai arahar nan ne mara suna, sati biyu monita ta fara ƙifta ido tana ɗaukewa, ya yi zafi kamar dutsen guga, sai da na sake fitar da kuɗi na siyi na kirki mai cajarsa. In ka tara kuɗin dok da monita da kibod, a wajena sun kusa rabin kuɗin kwamfutar, don haka wanda yake ganin ƙarama ta fi sauƙi ya sake lissafi. Sannan wuta. Monita da dok ba su da batir, ana ɗauke wuta shikenan ka koma kan ɗan allon nan, in ba ku da sola ko inbata to rabin yini dok ɗin ado ne kawai a kan tebur. Mu sai da oga ya sa sola tukunna na fara cin moriyar abin sosai.

A sito kuwa nan nake kewar tsohuwar. Ka ga takardar lissafi mai layi goma sha biyar, masara, gero, dawa, wake, riɗi, kowanne da adadin buhu da kuɗin dako, a kan inci 12.5 sai ka yi ta jan ta dama da hagu ido na ruwa. Ga babu maɓallan lamba, ni da yatsuna suka saba da gudu a can gefe, satin farko har kuskuren shigar da buhu na yi, Allah ya sa na gano kafin a biya direba. Daga baya na siyi ɗan ƙaramin kibod na lamba zalla mai USB, yana aljihun jaka kullum. Kuma mai son irin tawa ya duba RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, tun a shago, a manne yake da allon ciki ba a ƙarawa, in da hali ya ɗauki mai 16GB, in ya ɗauki mai 8GB da ita zai zauna.

Shi ɗan yayar tawa ɗalibi ne a BUK, ɗaki ɗaya su huɗu, ba tebur nasa na kansa balle inda zai ajiye monita ya kulle, a kan katifa yake karatu. Na ce masa ya bar maganar dok ya nemi mai inci 14 ko 15.6 da ramukanta a jiki da batir mai riƙe caji, ragowar kuɗin ya sa mata SSD, ma'ajiyar fayil mai sauri. Ranar Asabar za mu je tare in duba masa batirin kafin ya biya.