Dokar Malam ko Dokar Aji?

A makon farko na zango, malamin aji biyu na firamare yana da zaɓi biyu: ya shigo da dokokinsa a rubuce ya manna a bango, ko ya zauna da yaran su tsara tare.

Hanya ta farko ba ta cin lokaci. Ba surutu, ba cin gyaɗa a aji, ba fita sai da izini. A ajin da ya cika maƙil, wasu ma a kan tabarma, ita ke fitar da malami kunya. Sai dai doka ce ta Malam. Yana fita zuwa ofishin hedimasta aji ya koma kasuwa, monita kuma ya cika takarda da sunayen masu surutu, har da wanda ya hana shi rake.

Ta biyun sai da haƙuri. Na taɓa tambayar yara abin da ke ɓata musu rai. Wata ta ce a daina ɗauke mata fensir, wani ya ce a daina yi masa dariya in ya yi tuntuɓe a karatu. Daga nan muka fitar da doka huɗu, kowa ya dangwala yatsa a tawada ya buga a ƙasan kwalin. In wani ya karya, 'yan ajin ne ke cewa, "Kai, ai da yatsanka a ciki!"

Ni ta biyun nake bi. Amma duka da jifa ba na kawo su shawara, tun ranar farko nake yanke hukuncinsu.