Shayin rage tumbin nan da ake ta talla, ga ra'ayina

Jama'a wannan shayin rage ƙiba da ya cika Instagram da TikTok, mai hoton mutum da ƙaton ciki a hagu sannan ga shi a dama ya zama siriri, na sha shi har kwalin ya ƙare. Cikin tauraro biyar ɗaya zan ba shi, shi ma don ƙamshinsa ne. Sunan kamfani kuma ba sai na faɗa ba, duk kanwar ja ce.

Ɗanɗano dai ba laifi, ɗan ɗaci kaɗan, kwali ya sha kwalliya. Amma ka juya baya ka karanta ƙananan rubutun nan za ka ga ganyen filasko ne babban abin da ke ciki, wato maganin wanke ciki aka zuba a jaka mai kyau. Shi kuwa a babban hanji yake aiki, alhali ƙaramin hanji ya riga ya tsotse abincin tun kafin ya iso can, to me zai fita in ba ruwa ba? Shi ya sa sikeli zai nuna maka ka ragu ka yi ta murna, kana shan ruwa abinka ya dawo, kitse na nan daram, ribar da ka samu murɗawar ciki da asuba da zaryar banɗaki. In mutum ya daɗe yana sha kuma sinadarin potassium na zubewa, wanda bugun zuciya ke buƙata. Abin tsoro ma, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sha kama irin waɗannan kayan da sibutramine a ɓoye, maganin rage ƙiba da aka janye daga kasuwa tun 2010 saboda haddasa ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ni abin da ya fi ɓata min rai, ƙiba fa ba abin wasa ba ce da za a riƙa cin kasuwa da ita haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da ita, kuma a tsakanin manya ta ninka fiye da sau biyu daga 1990. Ƙungiyar yaƙi da ƙiba ta duniya, World Obesity Federation, ta yi hasashen asarar da ƙiba ke jawowa za ta haura dala tiriliyan 4 a shekara nan da 2035, kuɗin maganin suga da hawan jini da ciwon gwiwa, ga ranakun da ba a je aiki ba. Wannan lissafin kuɗi ne kawai, ba a sa gorin da mai ƙiba ke sha ba, yara su tsokane shi a makaranta, a raina shi wajen neman aiki, ko ciwon kai ya kawo sai a ce rage ci. Wannan kunyar ce masu shayin ke sayarwa wallahi, sun san mutum ya gaji da kallo zai biya ko nawa ne.

Ko allurar semaglutide da aka yi wa gwaji na gaske, kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi ta rage a mako 68, ga tsada, sai da likita, kuma wanda ya daina yawanci nauyin na dawowa. Sai shayi ne zai narkar da tumbi a sati biyu?

Na tura wa masu shayin saƙo kan ciwon cikin, amsar da suka ba ni wai alama ce yana aiki, in ƙara kwali biyu akwai rangwame.